Alerjin madarar shanu ga yara: ina binciken likitoci ya dosa, me ya shafe mu a ciki?

Tambaya daga wata ungozoma da ke aiki a wani CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, na jihar Tawa: Likita, a bana na ga uwaye sun dawo daga Yamai da maganar cewa jaririnsu yana da alerjin madarar shanu. An hana wata shan fura da nono alhali tana shayarwa, wata kuma an ce ta cire ɗanta daga mama ta koma wata madarar gwangwani mai tsada. Mu da muka tashi da nono ba mu san wannan ciwo ba. Gaskiya ne ko yayi ne? Me binciken zamani ke cewa, kuma me zan riƙa gaya wa uwaye?

Malama, sannu da aiki. Abin da kika gani a Tawa muna ganinsa a Yamai a ɗakin duba yara. Ciwon gaskiya ne, akwai yaran da cokali ɗaya na madara zai iya kai su ga halaka. Amma yaran da ake liƙa wa sunansa sun fi masu shi yawa nesa ba kusa ba, kuma a shekaru goman nan binciken ya karkata ne ga gano wannan wuce gona da iri da gyara shi. Da can shawarar ita ce a nisanta yaro daga madara, a nisanta uwarsa ma. Yanzu manyan masu binciken cewa suke a tabbatar tukuna, kada a taɓa shayarwa, idan kuma an janye madara a san ranar da za a maido ta.

Bari mu fara raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Mutumin da ya sha madara cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi da zawo, galibi sukarin madara ne, wato laktos, hanjinsa ya kasa narkarwa. Wannan ya zama ruwan dare ga manya a cikinmu Hausawa, ya yi ƙaranci ga Fulani da Buzaye waɗanda kakanninsu suka daɗe suna rayuwa kan madara. Ba ya kisa, kuma mai shi yakan sha kindirmo da nono mai tsami lafiya lau, don tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Jariri kuwa da ikon narkar da laktos ake haihuwarsa, tunda nonon uwa ma cike yake da shi. Sai dai ya rasa ikon na ɗan lokaci bayan zawo mai tsanani. Alerji daban ne. Garkuwar jikin yaro ce take ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Furotin ɗin kashi biyu ne: kasin, wanda shi ne yake daskarewa ya zama cuku, ya kai kusan kashi 80 cikin 100, sauran yana cikin ruwan da ke tsatsowa, kuma a cikinsa akwai beta-laktogulobulin wanda jikin mace ba ya ƙera shi. Tsami ba ya kawar da kasin, don haka mai alerji na ainihi nono da cuku ma suna tayar masa.

Alerjin ma iri biyu ne. Na gaggawa, wanda sinadarin garkuwa mai suna IgE ke haddasawa, yana fitowa cikin mintuna har zuwa awa biyu: borin jini, kumburin leɓe da fatar ido, amai, tari, shaƙewar numfashi, wani lokaci yaro ya sulale. Na jinkiri kuwa sai bayan awoyi ko kwanaki: ɗigon jini da majina a kashin jariri, zawon da ya ƙi tsayawa, rashin ƙaruwar nauyi, ƙaiƙayin fata. Na farkon ba ya ɓuya. Duk rigimar da ake yi a duniyar bincike a kan na biyun take.

Babban binciken da ya canza lissafi shi ne EuroPrevall, wanda ya ɗauki jarirai kimanin 12,000 a ƙasashe tara na Turai tun daga haihuwa, aka buga sakamakonsa a 2015. Ba su tsaya ga abin da iyaye suka faɗa ba. Duk yaron da aka zarga, sai a ba shi madara a asibiti cikin sigar da shi da uwarsa da likitan ba su san ko madarar ce ko wani abu mai kama da ita ba. Da aka yi haka, waɗanda ciwon ya tabbata gare su ba su wuce 0.54 cikin 100 ba, wato yaro ɗaya cikin kusan 200. A Birtaniya da Holand ya kai kusan 1 cikin 100, a Girka da Jamus da Lituwaniya bai kai 0.3 ba. Shekara ɗaya bayan gano ciwon, kusan kashi biyu cikin uku na yaran da aka sake gwadawa suna shan madara lafiya.

Ki ajiye wannan adadi, ki dubi kasuwa. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta buga rahoton Dokta Chris van Tulleken wanda ya nuna cewa a Birtaniya, tsakanin 2006 da 2016, rubuta madarar musamman ta masu alerji ya ƙaru da kusan kashi 500 cikin 100, kuɗin da hukumar lafiyarsu ke kashewa a kai ya tashi daga fam miliyan 8.1 zuwa sama da miliyan 60 a shekara, ba tare da wata shaida cewa ciwon kansa ya ƙaru haka ba. A 2020 Daniel Munblit da Robert Boyle na Imperial College a Landan da abokan aikinsu suka bi kundayen shawarwari tara da likitocin duniya ke aiki da su, suka tarar kashi 81 cikin 100 na marubutansu sun bayyana cewa suna da alaƙa da kamfanonin madarar jarirai. Bayan nan wasu masu bincike suka ɗauki jerin alamun da ɗaya daga cikin kundayen ya lissafa, irin su tumbuɗi, kuka, murɗar ciki, sauyin kashi, jan fata, suka auna shi da jarirai sama da dubu na wani bincike a Ingila. Kusan uku cikin huɗu na jariran sun nuna alamu biyu ko fiye a wani wata kafin su cika shekara. Jerin da ya kama uku cikin huɗu na jarirai bayanin jarirantaka yake yi, ba bayanin ciwo ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin waɗannan kundaye su ne ake fassarawa zuwa Faransanci su iso hannunmu, kuma tallar madarar tana isowa tare da su.

Game da matar da aka hana fura da nono: wannan aikin na Munblit da Boyle ya haɗa awon da aka yi na yawan furotin ɗin saniya da ke ratsawa cikin nonon uwa, suka kimanta cewa ga fiye da kashi 99 cikin 100 na jariran da ke da tabbataccen alerji, abin da ke ratsawa bai kai ya tayar musu ba. Akwai ƴan jarirai ƙalilan, musamman masu jini a kashi, da ke samun sauƙi idan uwa ta daina shan madara, don haka ba a rufe ƙofar ba. Amma gwaji ne na mako biyu zuwa huɗu, ba hukuncin shekara ba. A ƙauyukan Adar, damun fura da nono shi ne abincin mai jego na rana, wani lokaci shi ne kaɗai abin da ya fito daga dabba da za ta ci. Wanda ya hana ta shi bai ba ta madadinsa ba, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Wadda aka ce ta cire ɗanta daga mama kuwa, babu wani kundi mai daraja a duniya da ya ba da wannan shawara a matsayin matakin farko. Idan ba a daɗe ba, ki taimaka mata ta maida shi ga mama. Yawan tsotso dare da rana yakan dawo da ruwan nono.

Yadda ake tabbatarwa bai canza sosai ba, sai dai an ƙara matsa lamba a kan mataki na biyu. Ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai, ESPGHAN, a sabon bayaninta na 2024 ta nanata shi: a janye madara mako biyu zuwa huɗu, idan yaro ya samu sauƙi a maido ta a gani. Idan alamun sun dawo, an tabbatar. Idan ba su dawo ba, dama lokaci ne ya warkar da shi. Wannan maidowar ita ce kowa ke tsallakewa, uwa tana tsoro, likita ba ya son tayar da abin da ya kwanta, sai yaro ya shekara biyu ana hana shi abin da ba ya cutar da shi. Sharaɗi ɗaya ne mai nauyi: yaron da ya taɓa yin na gaggawa, da kumburi ko shaƙewa, ba a gwada shi a gida, sai a asibiti da allurar gaggawa ta adirenalin a kusa.

Gwajin jini na IgE da gwajin tsaga fata suna taimakawa ga na gaggawa kawai, kuma abin da suke nunawa shi ne jiki ya san furotin ɗin, ba lalle yana faɗa da shi ba. A nan akwai darasi daga maƙwabta. Wani bincike a Gana da aka buga a 2013 ya sami ƴan makaranta da yawa da jininsu ya nuna IgE na gyaɗa alhali suna cin gyaɗa kullum lafiya. Aka gano cewa tsutsar tsargiya ce ta sa jikinsu ya ƙera garkuwar da ke kama wani sukari da ke jikin tsutsar da kuma jikin tsirrai. A kan gyaɗa aka yi shi, amma ya isa ya tuna mana cewa ma'aunin da aka yanka a Turai ba lalle ya dace da yaron bakin kogin Kwara ko na tabkin Tabalak ba. Masu bincike yanzu suna gwada hanyoyin da suka fi daidai, kamar auna IgE na kasin shi kaɗai, da gwajin da ake haɗa ƙwayoyin jinin yaro da madara a kwalba a ga ko za su tashi. Suna da tsada, ba su bar manyan cibiyoyi ba. Gwajin IgG na abinci, wani sinadarin garkuwa daban da IgE, da wasu ɗakunan awo ke tallatawa kuwa, ƙungiyoyin masana alerji na Turai da Amurka sun ce ba ya gano alerji. Kada uwa ta zuba kuɗinta a kai.

Jini a kashin jariri yana buƙatar kulawa ta daban a wurinmu. A Turai likita yakan fara tunanin alerji. Ni kuwa atini nake fara tunani, da tsagewar dubura, da shigar hanji cikin hanji, da ƙarancin bitamin K ga jaririn da aka haifa a gida ba a yi masa allura ba. Jaririn da alerji ke sa wa jini a kashi yawanci ɗan makonni ne ko ƴan watanni, ba zazzaɓi, yana tsotso, yana ƙiba, yana wasa. Ko a Finland, wani bincike na 2006 da ya bi jarirai masu jini a kashi ya tabbatar da alerjin madara ga kusan ɗaya cikin biyar kawai, sauran jinin ya tsaya da kansa. Akwai kuma wani nau'i mai suna FPIES da ya kamata ki sani: awa ɗaya zuwa huɗu bayan shan madara yaro ya yi ta amai ba ƙaƙƙautawa, ya yi fari, ya yi laushi kamar mai cutar jini. A ba shi ruwa ya farfaɗo, a sake ba shi madara wata rana abin ya maimaitu. Maimaituwar ce ke tona shi.

Fannin da ya fi ɗaukar hankalin masu bincike yanzu shi ne rigakafi, kuma nan ne tunani ya juya gaba ɗaya. A 2015 binciken LEAP na Farfesa Gideon Lack a Landan ya nuna cewa ba jarirai gyaɗa da wuri ya rage alerjin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100, saɓanin abin da aka shekara da shekaru ana koyarwa. Sai aka tambaya ko haka madara take. Amsar ta zo daga Japan cikin bincike biyu da suke kamar suna karo da juna. Na farko, na Mitsuyoshi Urashima a Tokyo, 2019, ya ɗauki jarirai 312: waɗanda aka kauce wa ba su madarar gwangwani ta saniya a kwana uku na farko sun fi waɗanda aka ba tsira daga alerji da suka kai shekara biyu. Na biyu, na Tetsuhiro Sakihara a Okinawa, 2021, ya ɗauki jarirai kusan 500: waɗanda aka riƙa ba aƙalla mililita 10 na madarar gwangwani kullum tsakanin wata ɗaya da wata biyu, tare da nonon uwa, 0.8 cikin 100 ne suka kamu, waɗanda aka hana kuwa 6.8. Yawancin jariran binciken na biyu sun riga sun ɗanɗana madarar a gidan haihuwa. Idan aka haɗa su biyun, abin da masana da yawa suka fahimta shi ne haɗarin yana ga ɗanɗanawa a kwanakin farko sannan a yanke na tsawon watanni. Jikin ya ga baƙon sau ɗaya, bai saba da shi ba, ranar da ya dawo sai ya tare shi da faɗa. Shi ya sa ƙungiyar masana alerji ta Turai, EAACI, ta ba da shawarar kada a ba jariri mai shan mama madarar gwangwani ta saniya a makon farko.

A nan zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Binciken Okinawa ba namu ba ne. Ba zan taɓa ce wa uwa a Bagaruwa ko Keita ta riƙa dama wa ɗan wata ɗaya madara kullum da ruwan rijiya don gudun ciwon da ke kama yaro ɗaya cikin 200 ba, alhali zawo na cikin manyan masu kashe mana yara. Binciken Tokyo kuwa kamar don mu aka yi shi. Kin fi ni sanin abin da ke shiga bakin jariri kafin ruwan nono ya zo: madarar akuya ko ta saniya don an ce dakashi ba shi da kyau, ruwan sukari, bauri, a birni kuma kwalbar madarar gwangwani da ake ba ɗan da aka ciro ta hanyar aiki kafin uwarsa ta farfaɗo. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kawai na jariranmu ƴan ƙasa da wata shida ke shan nonon uwa zalla. Dama muna da dalilai goma na cewa a sa jariri a mama cikin awar farko, a ba shi dakashi, kada a haɗa masa komai har wata shida. Rigakafin alerji ya zama na sha ɗaya. Bayan wata shida, nono da kindirmo mai tsabta su shiga abincinsa tare da mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarwarinta na 2023 ta ce yaro ɗan wata 6 zuwa 11 da ba ya samun mama ana iya ba shi madarar dabba.

Madarar da ake sayarwa da alamar HA, wadda aka ɗan farfasa furotin ɗinta da sunan rigakafi, Boyle da abokansa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kanta a 2016, ba su sami tsayayyar hujjar cewa tana hana alerji ba.

Ga yaron da ciwon ya tabbata gare shi, magani ma ya sauya fuska. A 2008 Anna Nowak-Wegrzyn da abokan aikinta a asibitin Mount Sinai na New York suka ba yara 100 masu alerji madarar da aka gasa cikin fulawa a tanda, kusan uku cikin huɗu suka ci lafiya. Zafi mai tsanani yana sauya siffar furotin ɗin ruwan madara, fulawar kuma tana rufe wani sashe. Da aka bi yaran, masu cin gasasshiyar sun fi saurin kai wa ga shan madara sosai. Daga nan aka samo abin da ake kira tsanin madara: a fara da biskit mai ɗan madara, a hau zuwa kek, zuwa abin da aka dafa da madara, zuwa yawurt da cuku, a ƙare da madara. Ga mai alerjin jinkiri ana yin sa a gida, galibi bayan wata shida da janyewa ko da yaro ya kusa shekara. Ki lura dai, tafasa madara a tukunya ba gashi ba ne. Kasin yana jure tafasa.

Ga masu tsananin ciwon da ya ƙi tafiya, ana gwada saba wa jiki da madara ta baki, ɗigo-ɗigo ana ƙarawa cikin watanni. Yana aiki ga da yawa, amma tayarwar da ake samu a hanya tana da yawa, wasu masu tsanani, don haka aikin ƙwararru ne. A Fabrairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar omalizumab, mai suna Xolair a kasuwa, ga masu alerjin abinci daga ɗan shekara ɗaya, har da na madara. Ba ta warkarwa, tana ɗaga yawan abin da jiki zai jure idan an ci bisa kuskure, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowane gida a ƙasar nan.

Abin da ya fi mana amfani shi ne sanin cewa na gaggawa yana kisa. Nazarin da aka yi na shekaru 20 a Birtaniya, 1998 zuwa 2018, ya nuna madarar saniya ce ta fi kowane abinci guda kashe yara ƴan makaranta ta hanyar alerji, kashi 26 cikin 100 na mace-macen. Idan aka kawo miki yaro da kumburi da shaƙewa ko sulalewa bayan shan madara, maganin farko adirenalin ne a tsokar gefen cinya, miligiram 0.01 ga kowane kilo, a maimaita bayan minti biyar idan bai sauka ba, sannan a tura shi. Deksametazon da maganin ƙaiƙayi ba su maye gurbinsa. Ki duba akwatin gaggawarki ki tabbata akwai shi kuma kwanansa bai wuce ba.

Uwaye a Tawa za su tambaye ki madarar akuya da ta raƙumi. Ta akuya da ta tunkiya furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya sosai. A wani gwaji a Italiya sama da kashi 90 cikin 100 na yaran da ke da alerjin ta saniya sun tayar da ta akuya. Ta raƙumi daban ce, ba ta da beta-laktogulobulin, kasin ɗinta ma ya bambanta, kuma ƙananan gwaje-gwaje a Gabas ta Tsakiya sun nuna yara da yawa suna jure ta. Yaran da aka gwada kaɗan ne, ba ta zama abincin jariri ɗan ƙasa da wata shida ba, kuma dole a tafasa ta. Ɗanyar madara tana ɗauke da burusela da tarin fuka na dabbobi, kuma ba mu manta da zazzaɓin Kwarin Rift da ya ɓarke a yankin Cintabaraden da Tasara a 2016 ba. Duk da haka, wannan tambaya ce da Abalak ta fi Landan cancantar amsawa. Ga jaririn da babu mama kuma ciwon ya tabbata, madarar da aka farfasa furotin ɗinta sosai ita ce ta farko, ta amino asid ga mai tsanani, ta waken soya bayan wata shida idan kuɗi ya gaza. Yaron da aka janye wa madara kuma a kula da ƙashinsa. Binciken Tom Thacher a Jos, 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke lanƙwasa ƙafafun yara a can, ba rashin rana ba. Zogale, kuka, riɗi, wake da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu su yawaita a kwanonsa.

Kada maganar alerji ta shiga tsakanin yaro mai tamowa da maganinsa. Abincin jinya na F-75 da F-100 da ake bayarwa a CRENI, sashen kwantar da masu tamowa, daga madara aka yi su, Plumpy'Nut ma, wanda aka yi amfani da shi da yawa a Maraɗi a yunwar 2005, yana da garin madara. Zawon da mai tamowa ke yi a kwanakin farko galibi daga hanjin da ya lalace ne ko daga ƙwayar cuta. Gwaje-gwajen da aka yi a Malawi da Kwango na abincin tamowa marar madara, tsadar madara ce ta sa aka yi su.

Saura fannin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji, wanda shi ne ya fi kusa da tambayarki ta me ya sa ba mu san ciwon ba. A 2019 ƙungiyar Cathryn Nagler ta Jami'ar Chicago, tare da Roberto Berni Canani na Naples, suka dasa ƙwayoyin hanjin jarirai a cikin ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a jikinsu. Ɓerayen da suka karɓi na jarirai masu lafiya sun tsira daga alerjin madara, waɗanda suka karɓi na masu ciwon suka kamu, har aka ware wata bakteriya guda, Anaerostipes caccae, da ke ba da kariya. Binciken gonakin Turai ya daɗe yana nuna yaran da suka tashi cikin dabbobi ba su cika yin asma da alerji ba. A nahiyarmu, binciken SAFFA na Afirka ta Kudu ya gwada yara ƴan shekara ɗaya zuwa uku, ya sami alerjin abinci ga 2.5 cikin 100 a birnin Cape Town, 0.5 a ƙauyukan Gabashin Cape. A ƙauye zama da dabbobi ne ya fi tafiya tare da kariya; a birni haihuwa ta hanyar aiki ta tafi tare da ƙaruwar alerjin abinci, shan nono mai tsami kuma da ƙarancin asma da ciwon fata. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar da sababi ba, kuma har yanzu babu wani garin bakteriya na kanti da zan ce uwa ta saya don rigakafi. Amma ya isa ya sa mu yi tsammanin cewa yayin da Yamai ke girma, aikin haihuwa da madarar gwangwani da shan maganin ƙwayoyin cuta barkatai ke ƙaruwa, ciwon na ainihi ma zai ƙaru. Wani sashe kuma na rashin saninmu da shi, babu mamaki, yaran da suka yi shi ne aka ce iska ce ko mayu, ko aka rubuta su cikin masu zawo.

Kusan duk alƙaluman da na kawo miki daga Turai, Amurka da Japan suke, masu nazarin fannin da kansu suna kuka da ƙarancin bayanai daga Afirka. Ba don ba za a iya ba ne. A Maraɗi cibiyar Epicentre ta gwada allurar rigakafin zawon rota ga dubban jarirai, aka buga a 2017. A jihar Doso aka yi sashen Nijar na babban gwajin maganin ƙwayoyin cuta azitiromaisin na 2018. Ƙasar da ta ɗauki waɗannan za ta iya bin jarirai dubu biyu daga haihuwa zuwa shekara biyu, rabi a Yamai rabi a rugagen Azawak, ta ƙirga. Kafin nan, ki buɗe shafi a rajistarki. Duk yaron da aka zo da shi da wannan zargi, ki rubuta watanninsa, abin da aka ba shi a kwana uku na farko, irin madarar da ya sha, tsawon lokaci tsakanin sha da alamu, nauyinsa, ranar janyewa, ranar maidowa, da abin da ya biyo baya. Wanda ya yi kumburi ko shaƙewa, ko nauyinsa ya tsaya, ko amai ya sulalar da shi, ki tura shi ga likitan yara a asibitin jiha tare da wannan bayani a rubuce.